Tsakar da Na Ɓoye wa Surukata

Mutum biyu sun tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya ko gaskiya ne ina kiwon tsaka a gida. Gaskiya ne. Tun da maganar ta fita, gara in faɗe ta yadda ta faru, ko wanda irin wannan amana za ta faɗo wa wata rana zai kauce wa kuskuren da na yi.

A unguwar Hulme muke zaune, nan ƙasar Turawa, a hawa na biyu. Ƙofarmu tana kallon ta wani Bature mai suna Derek, tsohon direban bas, wanda ciwon zuciya ya sauke daga aiki tun bai kai shekarun fansho ba. Matarsa ta rasu kafin mu zo. Shi ya ɗauki matata Rabi a motarsa zuwa asibiti ranar da naƙuda ta kama ta, ni ina can wajen aikina na tafinta, wayata a kashe. Flat ɗinsa ɗaki biyu ne, na biyun cike da akwatunan gilashi. A ciki yake kiwon wata irin tsaka mai kauri, rawaya da ɗigo-ɗigo baƙi kamar damisa, wadda mutanen nan suke ajiyewa kamar yadda muke ajiye tattabaru.

A shekarar da gwamnati ta fara zaftare tallafin haya ga duk mai ɗakin da ba a kwana a ciki, Derek ya gane zaman nan ya ƙare masa. Ya sayar da tsakokin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne ƙwai biyu a cikin akwatin ɗumama ƙwai. Yana cikin haɗa kaya shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Na je duba shi a asibiti kwana ɗaya kafin 'yarsa Sandra ta tafi da shi Birmingham. Bakinsa ya karkace, ba a jin abin da yake faɗa. Ya kama wuyan hannuna da hannun hagu, ya yi ta maimaita kalma ɗaya har na gane ta: ƙwai. Na ce masa idan ya ƙyanƙyashe, zan kawo masa abin da ya fito da rai. Na faɗa ne don ya saki hannuna ya kwanta. Ban san me na ɗauka ba.

A lokacin jaririyarmu Ummi tana da kwana goma sha biyu, kuma mahaifiyar Rabi, Hajiya, ta zo daga Kano zaman jego. Ni da Hajiya ba ma magana kai tsaye. Ina gaishe ta a durƙushe daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wajen. Duk abin da ya wuce gaisuwa ta bakin Rabi yake bi.

Makon farko

Mabuɗin flat ɗin Derek yana hannuna, saura kwana tara a mayar wa council, hukumar da ke da gidajen. Ƙwai ɗaya ya yi fumfuna ya lotse. Ɗayan ya tsage ranar Laraba da hantsi. Abin da ya fito bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Babu ɗigon damisa tukuna, sai ratsi baƙi da rawaya. A cikinta akwai ragowar gwaiduwa tana rataye kamar cibiya. Ba ta gudu, ba ta ɗaga kai, ƙafafunta a baje. Na ɗora ta a kan ɗan ma'aunin Derek, ya nuna giram biyu, yana rawa tsakanin biyu da ƙasa da haka.

Derek yana da littafin da yake rubuta komai. A shafin jarirai ya rubuta abu uku: a shimfiɗa musu takarda mai damshi, ɓari ɗaya na akwatin ya kasance da ɗumi ɗayan da sanyi, kada a ba su abinci sai sun yi saɓa ta farko. Na bi. Cikin kwana biyu gwaiduwar ta bushe ta faɗi. Kafin in tafi aiki ina leƙawa, in na dawo ina leƙawa, wani lokacin sai na kai tashar bas in juyo don ban tabbata na rufe murfin ba.

Sandra ta bugo ranar Asabar. Ta ce babanta ya ƙi zuwa wajen masu motsa gaɓoɓi, bayan sun sha jira kafin a samo masa gurbi. Ya juya wa kowa baya. Abu ɗaya yake tambaya. Na ce ta gaya masa ya ƙyanƙyashe. Na ji ta tana faɗa masa, na ji wani sauti daga nesa. Ta dawo ta ce yana tambaya yaushe zan kawo.

Ranar da za a mayar da mabuɗi na gaya wa Rabi.

"Tsaka, Baban Ummi? A gidan da ke da jaririya?"

"Ba irin tamu ba ce. Wannan ko bango ba ta iya hawa."

"Ka je ka gaya wa Hajiya ba ta hawa bango. Ni ina jego, ba zan iya wannan meeting ɗin ba."

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san matsayin tsaka. An ce in ta faɗa abinci ta zama guba, in ta taɓa fata ta bar ciwo, kuma a kashe ta ana samun lada. Na taso ina jifanta da takalmi. Don haka na yanke shawarar da nake ganin ta fi sauƙi: in ɓoye. A lungun bayan gidanmu akwai kabad ɗin boila, inda tankin ruwan zafi yake. Na tura akwatin can saman kanta, bayan tawul.

A nan na yi kuskuren. Da na taɓa takardar da ke ƙarƙashinta na ji ta da sanyi, sai na tuna ƙadangarun katangar gidanmu, yadda suke kwanciya a rana tsaka suna gyaɗa kai. Na ce wannan danginsu ce, zafi take so, kuma Derek Bature ne, me ya sani game da zafi. Na cire takarda mai damshi, na sa busasshiya. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Mako na biyu

Saɓar da ya kamata ta fita cikin kwanakin farko ba ta fita ba. Fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, ta tsage a baya, ta tsaya a nan. Ta manne a kai, ta rufe ido ɗaya, ta naɗe yatsun ƙafa. Na sayo ƙananan gyare a shagon dabbobi, na sa mata guda biyu. Suka yi ta yawo a kanta ba ta ko motsa ba, na kwashe su. Wutsiyarta, inda irinsu suke tara kitse, ta zama kamar zare.

Na buga wa asibitin dabbobi uku, duka suka ce karnuka da kyanwoyi suke gani. Na huɗu suka ce suna da likita mai duba masu jan ciki, amma rana ɗaya take zuwa a mako, kuma sai nan da kwana shida. Na roƙa, matar ta ce za ta sa sunana in wani ya fasa. Ba wanda ya fasa. A wajen aiki ina fassara wa wata mata bayanin likita, hankalina yana cikin kabad. Sau biyu na nemi a maimaita min magana, abin da ban saba ba.

Na yi gangancin gaya wa abokina Injiniya Kabiru na Old Trafford. Ya yi dariya har ya ajiye shayinsa.

"Mutane na neman lada da takalmi, kai kana neman appointment ɗin likita. Malam, ka sa ta a bola, ka je shago ka sayi wata. Mutumin nan ina zai gane?"

Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Har na tsaya gaban akwatunan shagon ina duba wadda ta yi kama. Amma Derek ya shekara ashirin yana ƙyanƙyasar su. Kuma na tambayi wani malami bayan la'asar, ya ce abin da ya karanta game da tsakar gida ne, wannan bai taɓa ganin irinta ba, ba zai yi fatawa a kan abin da bai sani ba. Sai dai amanar maƙwabci, in ji shi, wannan ya san hukuncinta.

Ranar Talata na dawo da yamma na tarar da akwatin a waje, a kan matakala, inda iska ke shigowa ta tagar da ta fashe tun bara ba a gyara ba. A cikin gida injin wanki yana juyi. Hajiya ta je ɗauko tawul ta gani. Ta sa an kwashe duk kayan Ummi da ke cikin kabad ɗin an sake wankewa, har da waɗanda ba a taɓa sawa ba.

Na ɗauki akwatin na rungume shi cikin rigar sanyina, na durƙusa a bakin ƙofar falo. Hajiya tana zaune a ƙasa da Ummi a cinya, tana kallon Rabi.

"A tambayi maigidan nan, jikata ce ta yi masa yawa?"

Rabi ba ta maimaita min ba. Na ce, ina kallon kafet, na yi laifi da na ɓoye. Na ce ba tawa ba ce, ta wani maƙwabci ce da ke kwance a Birmingham, kuma na yi masa alkawari.

"Wane maƙwabci, Rabi?"

"Wanda ya kai ni asibiti, Hajiya. Shi ya tsaya a bakin ƙofa har aka haife ta."

Hajiya ta gyara wa Ummi hula. Sannan ta miƙa wa Rabi ita, ta ce a kai ta ɗaki a rufe ƙofa.

"A buɗe in gani. Daga can."

Na buɗe murfin. Ta miƙo wuya ba ta matso ba. Ta duba fiye da yadda na zata.

"Wannan ai bushewa take yi. Wa ya sa abu ɗanye haka a wajen zafi ba ruwa?"

Daga baya Rabi ta gaya min ƙaninta bakwaini aka haife shi, kuma Hajiya ce ta raya shi a gida da auduga da cokali, ban da 'yan tsakin da kaza ta gudu ta bari da ta sha rainon su a ƙwarya.

Ta ce a kawo ruwa mai ɗumi a murfin roba. Ta sa na gwada da gwiwar hannu, kamar na wankan jariri, har sau uku tana cewa a ƙara na sanyi. Ta ce kada ruwan ya wuce cikin tsakar. Na zaunar da ita a ciki kwata na awa. Sannan Hajiya ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar da ta zo da ita daga Kano, ta naɗa auduga a bakinsa, ta ajiye a ƙasa ta tura min da ƙafa.

"A shafa, kada a ja. In ta ƙi fita a bar ta sai gobe."

Fatar kan ta zame kamar ɓawon albasa. Idon ya buɗe. Tsakar ta fito da harshe ta lashi ɗigon ruwan da ke hancinta, ta sake lasa. Shi ne abu na farko da na ga ta yi da nufinta.

Hajiya ta kafa sharuɗɗa, ta bakin Rabi. Akwatin zai zauna a lungun ƙofar shigowa, ba kicin ba, ba kusa da ɗaki ba. Murfin robar da duk abin da ya taɓa ta ba zai sake shiga wajen wanke-wanke ba. In na taɓa ta zan wanke hannu da sabulu har gwiwa, in canza riga, kafin in ɗauki Ummi. Ita kuma ba za ta taɓa ta ba har ta bar ƙasar nan. Ba ta taɓa ba kuwa.

Mako na uku

Ranar ganin likita na yi bas biyu, na zauna awa ɗaya da rabi tsakanin wani mai aku da wata mai kunkuru. Kuɗin da aka karɓa na minti goma sha biyu ya sa na sake duba takardar. Amma likitar ta san aikinta. Ta sa gilashin ƙara girma ta nuna min ƙafafun. Ta ce tsohuwar fata in ta bushe a yatsa zobe take zama, tana matsewa har jini ya daina zuwa. Yatsu uku sun riga sun yi baƙi, biyu a ƙafar gaba, ɗaya a ta baya. Ta ce za su faɗi da kansu, ba abin da za a yi. Ta tambaya a ina na ajiye ta, na faɗa. Ba ta yi min faɗa ba, ta rubuta kawai, wanda ya fi faɗan ciwo.

Da ta ji akwai jaririya a gidan sai ta ajiye biro. Ta ce irin waɗannan dabbobi ba su da dafi, amma suna iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna salmonela, wadda ke da haɗari ga jarirai. Ta fara lissafa min matakan tsafta. Na ce muna yin duka, har da canza riga. Ta tambaya wa ya gaya mana. Na ce surukata.

"To ku ci gaba da bin maganarta," in ji ta.

Ta ba ni wani gari da ake damawa da ruwa, ta ce kada in buɗe mata baki da ƙarfi, in ɗiga a hanci ta lasa. Ta ce in ta kai kwana goma nauyinta bai ƙaru ba, in shirya wa abin da zai biyo baya.

Na gaya wa Rabi maganar salmonela, Rabi ta gaya wa Hajiya. Hajiya ta ce ita ba ta san sunan ba, amma ai an daɗe da sani.

Kwanakin nan goma su suka fi tsawo. Safe da yamma ina durƙushe a lungun ƙofa da tsinken tsintsiya, ina ɗiga, ina jira. Wata rana ta lashi ɗigo biyar, wata rana ta kau da kai. Ma'auni ya tsaya a biyu. Na sayi batir sabo ko shi ne ya lalace, ya sake nuna biyu. Yatsun suka faɗi ɗaya bayan ɗaya a kan takarda, kamar ƙwayar gero baƙa. Sandra tana bugowa, ina cewa tana samun sauƙi, ina jin nauyin bakina. Ta ce in turo hoto. Na ɗauka ta inda ƙafafun ba za su fito ba.

Mako na huɗu da na biyar

A rana ta takwas ma'auni ya nuna uku. Na sauke ta na sake ɗorawa har sau huɗu. A rana ta goma sha ɗaya na sa gyare ɗaya da na barbaɗa wa garin kalsiyam. Ta tsaya, ta ɗaga wutsiya tana kaɗa ta a hankali, ta kai cafka ta kuskure. Ta sake, ta kama. Ina durƙushe na ji murya a bayana.

"Ta ci?"

Na juya neman Rabi. Rabi tana wanka. Ni aka tambaya.

"Ta ci, Hajiya."

"To."

Saɓa ta biyu ta zo a mako na biyar. Wannan karon akwai ɗan kwano mai murfi da damshi a ciki, ta shige ta fito fes, ta cinye tsohuwar fatar kamar yadda littafin Derek ya ce suna yi. Wani gyare ya tsere ya ɓuya bayan firij yana kuka har kwana huɗu. Rabi ta ce zai haukata ta. Hajiya ta ce a bar shi, tun da ta zo ƙasar nan ba ta ji abin da ya yi kama da damina ba sai shi.

Birmingham

A mako na shida, tana giram biyar, na hau motar safe. Hajiya ta yago wani tsohon zane ta ce a naɗe robar ruwan zafi da shi a sa a gefen akwatin, kada ta taɓa jikinsa, kuma kada zanen ya dawo gidan. Motar ta tsaya cikin cunkoso kusan awa ɗaya, ina ta zura hannu cikin jaka ina jin ɗumin.

Gidan Sandra a Balsall Heath yake. An sa wa Derek gado a falo. Ya rame, hannun damansa yana kwance a kan matashi kamar ba nasa ba. Na ajiye akwatin a kan bargonsa na buɗe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa yatsan hagu ya fara bin ƙafafunta, ɗaya, biyu, leɓensa yana motsi. Na san abin da yake yi. Ya gama ya sake farawa.

Na ce yatsun goma sha bakwai ne. Na gaya masa duka: kabad ɗin, takardar da na cire, ƙadangarun Kano, da cewa na ga abin da ya rubuta na ƙi bi. Ya saurara idonsa a kan tsakar. Ya buɗe baki, kalmomin suna fitowa da ƙyar, da tazara tsakaninsu.

"Ita yatsu uku. Ni hannu guda. Ta fi ni."

Sandra ta fita kicin. Da na bi ta neman ruwa ta ce tun da ya kwanta bai haɗa magana mai tsawon haka ba.

Ya so ya ɗauke ta, amma ba a ɗaukar ƙaramar tsaka da hannu ɗaya, sai an tara mata ɗayan. Ya gwada, ya fasa. Maigidan hayar Sandra kuma bai yarda da dabba ba. Derek ya ce in koma da ita, in riƙa kawo ta. Sandra ta ce masa masu motsa gaɓoɓi suna da gurbi ranar Litinin, in yana son hannu na biyun. Wannan karon bai juya mata baya ba. Ranar Litinin da yamma ta turo min saƙo cewa ya je.

Ga wanda wannan zai samu: jaririyar irin wannan tsaka damshi take buƙata tare da ɗumi, ba zafin rana ba. Kada a matsa mata da abinci kafin saɓa ta farko. A duba yatsu bayan kowace saɓa. A nemi likitan da ya san su tun kafin a buƙace shi, don layin yana da tsawo. In akwai jariri a gida a wanke hannu kamar yadda Hajiya ta ce. Kuma kada a ɓoye. Ɓoyewar ce ta kai ta kabad ɗin boila.

Ina godiya ga likitar, duk da kuɗinta, da Rabi da ta haƙura da gyare. Derek yanzu yana iya buɗe tafin damansa ta hau ta zauna, duk da bai iya rufewa. Allah ya ƙara masa sauƙi, ya ba duk mai jinya haƙuri, ko ta mutum ce ko ta abin da bai kai ɗan yatsa ba.

Hajiya ta koma Kano bayan arba'in da 'yan makonni. Ta yarda in rubuta wannan bisa sharaɗin kada in faɗi unguwarsu. Duk Lahadi tana bugowa, ta yi magana da Rabi, a kara wa Ummi waya a kunne. Sannan ta ce a ba ni. Mukan gaisa, sai in ji ta tashi daga cikin mutane ta rufe ƙofa. Sai ta rage murya.

"Ya mai yatsu sha bakwai?"